Wanke Hoto Baƙi Da Fari Da Firintar Gida

Har gobe idan Bahaushe yana son hoton da ke cikin wayarsa ya fito a takarda, sai ka ji ya ce, "Bari in kai a wanke mini." Alhali kuwa in ka bi shi shagon ba za ka ga ruwa ba, ba za ka ga kwano ba, sai kwamfuta da wata na'ura tana ta kai da kawowa tana turo takarda. Kalmar ta riga na'urar zuwa ne, ta kuma ƙi tashi. A cikin wannan ɗan bayani ina so in nuna wa 'yan'uwana 'yan makaranta, da iyayenmu da za su karanta wannan mujalla, yadda a ke fitar da hoto baƙi da fari da firintar gida irin mai fesa tawada, da kuma dalilin da ya sa wannan aiki ya fi fitar da hoto mai kala wuya, ko da ya ke mutum zai zaci ya fi sauƙi. Abin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne, da wuya ka shiga gida a Tudun Wada ba ka sami tsohon hoto ɗaya ko biyu a ƙasan akwati ba, na kaka ko na wani wanda ya riga mu gidan gaskiya, wanda in ya lalace babu inda za a samo wani.

Bari mu fara da asalin wankin, domin sai an san shi za a gane abin da firinta ke ƙoƙarin kwaikwaya. Takardar hoto ta da can an shafe fuskarta da wani sinadari na azurfa wanda haske ya ke yi wa tasiri. Mai hoto ya kan shiga ɗakin duhu ya rufe ƙofa, ya kunna 'yar jar fitila, domin jan haske ba ya ɓata irin wannan takarda. Sa'an nan ya haska fim ɗin da ya ɗauka, watau nagatif, a bisa takardar na 'yan daƙiƙoƙi. A lokacin ba a ganin kome. Sai ya tsoma ta cikin ruwan magani na farko, siffar mutum ta fara bayyana sannu a hankali. Inda haske ya sauka da yawa azurfar ta yi baƙi ƙirin, inda ya sauka kaɗan ta tsaya ruwan toka, inda bai sauka ba takarda ta zauna fara. Ruwa na biyu ya tsai da aikin na farko, na uku kuma ya narkar da sauran sinadarin da haske bai taɓa ba, don kada hoton ya ci gaba da yin duhu in an fito da shi sarari. Daga nan sai ɗauraya da ruwa mai yawa, a shanya. A wannan ɗauraya ta ƙarshe a ke gane gwani da mai gaggawa. Hoton da ba a ɗauraye sosai ba shi ne bayan 'yan shekaru ya ke komawa ruwan ɗorawa, ya yi tabo-tabo. Wanda aka yi wa aiki sosai kuwa, aka adana shi, ya kan wuce shekara ɗari.

Wannan sana'a daga Faransa ta taso. Hoto mafi tsufa da ya rage na wanda aka ɗauka da kyamara, wani mutum mai suna Niépce ne ya ɗauke shi wajen 1826 ko 1827, a 1839 kuma aka bayyana wa duniya dabarar Daguerre. Ba a daɗe ƙwarai ba ta iso gaɓar tekun Afirka ta Yamma. A Nijeriya akwai Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, wanda aka haifa a 1873, yana cikin 'yan ƙasa na farko da suka riƙi ɗaukar hoto sana'a. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keita ya buɗe shagonsa a 1948, hotunan da ya yi wa mutanen gari cikin manyan riguna da atamfa kuma suka zama abin da a ke ratayawa a manyan gidajen nune-nune na Turai da Amurka. Haka nan J. D. Okhai Ojeikere, wanda tun 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitso iri-iri na matan Nijeriya. Duk baƙi da fari suka yi aikinsu. Amma da kyamarar zamani da wayar hannu suka zo, sai ɗakunan duhu suka yi ta rufewa. Kamfanin Kodak ma da kansa ya daina yin takardar baƙi da fari a 2005.

To, ga inda maganar ta ke. A hoton azurfa ruwan toka na gaske ne, domin azurfar ce ta yi kauri a wani wuri ta yi sauƙi a wani wuri. Na'urar buga takarda kuwa ba ta san ruwan toka ba. Ko dai ta sa tawada, ko kuwa ta bar wurin fari, babu tsakiya. Masu buga jarida sun daɗe da gamuwa da wannan matsala, dabarar da suka samo kuwa ita ce su farfasa hoton ya zama ɗige-ɗige. Tun 1880 wata jarida a birnin New York ta buga hoto ta wannan hanya. Mu mutanen Zariya ba sai mun je nesa neman misali ba, domin garinmu garin ɗab'i ne. A nan aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya nan kusa da mu, wanda hanyar Gaskiya ta samo sunanta daga gare shi. Duk wanda mahaifinsa ya ajiye tsohuwar jarida, ya ɗauko ta ya kawo hoton da ke ciki dab da idonsa. Zai ga fuskar mutumin ta watse, ba kome a wurin sai ɗigo baƙaƙe, manya a inda ke da duhu, ƙanana a inda ke da haske. Ya miƙe hannunsa ya nesanta takardar, sai fuska ta dawo.

Wanda ba shi da tsohuwar jarida ya dubi zabuwa. In ka hango ta tana kiwo a bakin gona za ka rantse ruwan toka ce. Kama ta ka duba gashin, sai ka ga baƙi ne da ɗigon fari. Idonka ne ya gauraya su saboda nisa. Wannan ita ce dabarar firinta duka, sai dai nata ɗigon ya ƙanƙanta har ido ba ya iya raba shi ko da an matso kusa.

Yadda ta ke ɗiga tawadar abin mamaki ne. A cikinta akwai wani abu da a ke kira kan firinta, shi ne mai zirga-zirga dama da hagu. A ƙarƙashinsa akwai ɗaruruwan 'yan ƙofofi, kowace ta fi silin gashi siranta. An ce a 1977 wani injiniya na kamfanin Canon a Japan, Ichiro Endo, ya ga ƙarfen nan mai zafi da masu gyaran rediyo ke liƙa waya da shi ya taɓa allurar sirinji mai tawada a ciki, sai tawada ta yi tsartuwa. Daga nan aka gane zafi zai iya harba tawada. A firintocin Canon da HP na gida, bayan kowace ƙofa akwai ɗan abin ɗumamawa da ke yin zafi har wajen digiri 300 cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, tawada ta yi kumfa, kumfar ta ture ɗigo ɗaya waje. Epson kuwa ba da zafi ta ke aiki ba. Wani ɗan abu ta ke amfani da shi wanda ke lanƙwashewa in lantarki ya ratsa shi, ya matse tawadar ta fito. Kowace ƙofa tana iya yin haka sau dubbai cikin daƙiƙa guda. HP ta fito da tata mai suna ThinkJet a 1984, a 1994 kuma Epson ta fito da Stylus Color, wadda tana cikin na farko da suka sa mutane suka fara tunanin fitar da hoto a gida.

Yawancin firintocin da mu ke gani a gidaje da shagunan kwamfuta na Tudun Wada da Kongo tawada huɗu gare su: baƙa, da rawaya, da shuɗiya mai haske kamar sararin sama, da wata ja mai kama da ruwan zoɓo. Babu ruwan toka a cikinsu. Saboda haka in ka ba ta hoto baƙi da fari, hanya biyu ce kawai gare ta, kowace kuma da nata aibi.

Hanya ta farko, wadda ita ce ta kan bi in ba ka hana ta ba, ita ce ta haɗa shuɗi da ja da rawaya su ba da ruwan toka. A lissafi haka ne, in ukun nan suka daidaita toka-toka za su bayar. Hoton ya kan fito sumul, domin ɗigon launi ba shi da duhun baƙar tawada, ba ya tsone ido. Amma daidaitawar nan ita ce wuyar. In jan ya ɗan ragu kaɗan, ko don wasu ƙofofinsa sun toshe, ko don tawadar da aka ɗura ba irin wadda na'urar ta sani ba ce, sai hoton duka ya yi kore-kore. In shi ya rinjaya sai hoton ya yi ja-ja kamar an jiƙa shi a ruwan goro. A hoto mai kala ba wanda zai lura da wannan ɗan kuskure, domin wa ya san ainihin launin gyalen da amarya ta yafa? Amma kowa ya san yadda fari ya ke, kowa ya san yadda toka ta ke, don haka nan da nan ido ya ke kama shi. Ka ga kuwa ba kyau a miƙa wa tsohuwa hoton marigayi mijinta fuskarsa ta yi kore kamar mai jinya. Wani abin haushi kuma, irin wannan hoto ya kan sauya da irin hasken da aka dube shi. Wanda ya yi daidai a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki da dare, da safe in an fito da shi tsakar gida sai a ga wani launi ya ɓullo.

Hanya ta biyu ita ce ka umurce ta ta yi aiki da baƙar tawada kaɗai. A nan babu kore babu ja, baƙi baƙi ne. Aibinta shi ne a wuraren da ke da haske, kamar goshi ko farin bango, dole ta warwatsa baƙin ɗigon nesa da juna, sai wurin ya yi kamar an barbaɗa masa yashi. A ganina, ga tsohon hoto wannan hanya ta fi. Dama can tsofaffin hotuna suna da ɗan wannan yashi-yashin na fim, ba ya zama baƙon abu a jikinsu, kuma gara yashi da fuska kore. Sai dai a yi hattara, ba duk lokacin da ka zaɓi baƙi a kwamfuta firinta ke yi maka biyayya ba. Da yawa cikinsu in ka gaya musu takardar mai sheƙi ce, sai su koma haɗa launuka ba tare da sun sanar da kai ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka ari gilashin nan mai ƙara girman abu, irin wanda mu ke duba ganye da shi a ɗakin kimiyya, ka ɗora kan wuri mai ruwan toka. In ka ga ɗigon shuɗi da ja, to, ta haɗa. Sai ka sauya irin takardar da ka gaya mata zuwa marar sheƙi, ka zaɓi aiki mafi kyau, ka sāke gwadawa.

Masu sana'ar sosai sun huta da wannan duka, domin akwai firintocin da aka yi dominsu masu tawadar toka a kwalbarta daban. A 2005 Epson ta fito da wata mai suna R2400 wadda ke da baƙa, da toka mai duhu, da toka mai haske. Kuɗin irinsu ya fi ƙarfin gida, ba kuma su na ke magana a kai ba.

Ita kanta tawadar iri biyu ce, bambancin kuwa ya shafi daɗewar hoto. Akwai ta rini, akwai ta gari. Ta rini kamar baba ce a marinar Ƙofar Mata ta Kano, launi ne da ya narke cikin ruwa, ya kan shige cikin jikin takarda, ya yi haske da kyau, amma rana da iska suna cinsa kamar yadda su ke koɗar da shuɗin zane. Ta gari kuwa 'yar'uwar tawadar allo ce da a ke yi da gawayi da ƙaro, watau ƙananan ƙwayoyi ne da ba su narke ba, suna yawo cikin ruwa, in ruwan ya bushe su zauna bisa takarda. Baƙar irin wannan daga dangin gawayi a ke yinta, shi kuwa gawayi rana ba ta koɗar da shi. Firintoci da yawa na gida baƙarsu ta gari ce, masu launin kuma na rini. Wannan ne ma dalilin da ya sa su ke ƙin sa baƙar a kan takarda mai sheƙi, domin ba ta kama ta sosai, yatsa ma ya kan goge ta. Wasu masu tanki a gefe kuwa duk huɗun na rini ne. Wanda zai saya ya tambaya, ya kuma karanta jikin kwalbar da kansa. Tawadar da a ke aunawa a kasuwa cikin robar da ba suna tana da araha, ta kuma isa buga takardar jarrabawa, amma ga hoton da a ke so jikoki su gani, Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado.

Takarda ma haka. Farar takardar fotokwafi mai nauyin giram 80 tana shanye tawada, ɗigon ya bazu, baƙin ya dushe, ta kuma yi kumburi-kumburi in tawada ta yi yawa. Takardar hoto ta kan kai giram 180 zuwa sama, an kuma shafe fuskarta da abin da ke riƙe ɗigo a inda ya sauka. A tabbata an sa ta ta fuskar da ta dace, domin marar sheƙi gabanta da bayanta sun yi kama.

Yanzu sai yadda tsohon hoto zai shiga kwamfuta. Sikana ta fi, watau na'urar nan mai gilashi da a ke kifa takarda a kai, wadda sau da yawa a haɗe ta ke da firintar. A goge gilashin, a kaɗe ƙurar hoton da tsumma mai laushi, kada a sa masa ruwa ko kaɗan. Sa'an nan a yi ɗan lissafi, irin wanda ɗan aji ɗaya ma zai iya. Hoto mai kyau yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci na takarda. Ke nan hoto mai inci 4 da inci 6, wanda shi ne aka fi fitarwa, yana son ɗigo 1200 ta gefe guda, 1800 ta ɗaya gefen. In tsohon hoton inci 2 da 3 ne, kana so ka ninka shi ya kai 4 da 6, sai ka sa sikana ta ɗauka a 600. Wanda ba shi da sikana ya yi da waya. Ya shimfiɗa hoton a inuwa mai haske, kamar bakin zaure da hantsi, ya kashe fitilar wayar, ya riƙe ta sosai bisa hoton ba a karkace ba. In kuma za a tura wa wani ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin in aka tura yadda aka saba tura hoto, manhajar ta kan matse shi ta zubar da wani abu daga cikinsa.

Akwai wata matsala da ta fi damunmu mu mutanen nan, littattafan Turawa kuma ba su cika tsayawa a kanta ba. Hotunan iyayenmu maza kusan duk iri ɗaya ne: baƙar fuska a tsakanin farar hula ko rawani da farar babbar riga. Kwamfuta ta kan raba hasken hoto mataki 256, daga 0 wanda shi ne baƙi ƙirin zuwa 255 fari fat. A irin wannan hoto fuska tana can ƙasa kusa da 0, riga tana can sama kusa da 255. Firintar gida kuwa a waɗannan bakin biyu ta fi rauni. Matakan ƙasa ta kan cuɗe su su zama baƙi ɗaya, ido da hanci da gemu su haɗe. Matakan sama kuma ta bar su fari ɗaya, aikin aska takwas da aka ɓata watanni ana yi a wuyan riga ya ɓace. Abin da ya ƙara tsananta shi, fuskar kwamfuta da ta waya su ke ba da haske da kansu, takarda kuwa sai wanda ta aro. Saboda haka abin da ka gani sarai a waya ya kan fito da duhu a takarda.

Mutane da yawa in sun ga haka sai su ƙara wa hoton duka haske. Fuska ta fito, riga ta tafi. Abin da ya kamata shi ne a ɗaga wuraren duhu kaɗai, a ɗan danne wuraren haske, a bar ainihin baƙi da ainihin fari inda su ke. Manhajojin kyauta irin su GIMP a kwamfuta da Snapseed a waya duk suna da wannan. A yi kaɗan-kaɗan. In aka wuce kima sai fuska ta yi fari-fari kamar wanda ya kwana a toka, ba kuma haka mutumin ya ke ba. Ina kuma jan kunnen 'yan'uwana game da manhajojin nan masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke gyara tsohuwar fuska da taɓawa ɗaya. Abin da suka kasa gani ƙago shi su ke yi. Tsagar gado da ke kumatun kaka za su iya ɗaukarta karcewar takarda ce su shafe, su ba ka wani kyakkyawan mutum wanda ba kakanka ba.

In kuwa sabon hoto ne mai kala a ke so a mayar baƙi da fari, akwai wani tarko. Launi biyu da ba su yi kama ba sam suna iya zama toka iri ɗaya in haskensu ya zo daidai. Ɗauki rigar dogari mai ja da kore a ranar hawan Salla. In ka bar firinta ta zare launin da kanta, jan da koren za su iya narkewa cikin juna, riga ta zama ta kowa. Gara ka mayar da shi da hannunka a manhaja, inda za ka iya cewa ja ya yi duhu kore ya yi haske, ko akasin haka, kafin ka aika wa firinta.

Duk abin da na faɗa ba sai an yarda da ni ba, gani ya kori ji. Ga gwajin da kowa zai iya yi da takarda ɗaya ko biyu. A zana akwati goma sha ɗaya a jere a kwamfuta, na farko fari, na ƙarshe baƙi, na tsakani kowane ya fi na gabansa duhu da kashi goma cikin ɗari. A buga su ta hanyar haɗa launi, a kuma buga da baƙa kaɗai, a rubuta a bayan kowace takarda yadda aka yi ta. Kada a yanke hukunci nan take, domin launin tawada ya kan ɗan sauya kafin ta gama bushewa. A bari su kwana, da safe a duba su a inuwa. In akwati biyu na ƙarshe sun zama ɗaya, ka san a nan fuska za ta ɓace maka. In na tsakiya sun yi kore, ka san inda ciwon ya ke. Na yi wannan a hutun ƙarshen zango da firintar yayana, na kuma ƙara da wani: na rufe rabin kowace takarda da kwali na jingina su a taga mai kallon yamma. Kafin mu koma makaranta, rabin da rana ta duka na mai haɗin launi ya riga ya juya ja-ja, na baƙar tawadar gari kuwa ban ga bambanci ba.

Ita firintar kanta ba ta son zama ba aiki, ba ta kuma son hunturu. Ƙurar da ke taso mana daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana shiga ko'ina, busasshiyar iska kuma tana daskarar da tawada a bakin ƙofofin nan. Alamar toshewa ita ce layi-layi farare a cikin hoto. Kafin a sa takarda mai tsada a buga ɗan shafin gwajin ƙofofi a farar takarda. In akwai gibi a sa ta wanke kanta sau ɗaya ko biyu, amma kada a yi ta maimaitawa, domin wankin tawada ya ke sha. A lulluɓe ta da zane in an gama, a buga ko shafi ɗaya ne kowane mako, a kuma kashe ta ta maɓallinta domin kan ya koma mazauninsa ya rufu. In wuta ta ɗauke ta bar shi a tsakiya, da ta dawo a kunna ta ya koma.

Saura magana ɗaya, ita kuwa ga iyayenmu na ke yinta. Idan aka fitar da sabon hoto ya yi kyau, kada a yi sakaci da tsohon don ya yage ko ya koɗe. Shi ne na azurfa, mai yiwuwa ne kuma ya ga bayan sabon. Kada a kai shi a liƙe shi cikin leda da injin zafi kamar katin shaida, domin in leda ta kama shi ba ta sāke fita, ba kuma za a iya gyara shi ba har abada. A sa shi cikin ambulan mai tsabta, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da laimar damina. Sabon shi za a sa a gilashi a rataye, a bangon da rana ba ta dukansa, in ya koɗe a sāke fitar da wani daga fayil ɗin, wanda ya kamata a ajiye a wuri biyu ko uku, ba a waya ɗaya ba. A bayan ambulan ɗin kuma a rubuta sunan kowa da ke cikin hoton daga dama zuwa hagu, da garin da aka ɗauka, da shekara ko abin da ya faru a shekarar in ba a tuna lambarta ba. In a jikin hoton za a rubuta, a yi da fensir mai laushi ba tare da dannawa ba, domin tawadar biro ta kan ratsa takarda ta ɓullo ta gaba. Wannan aiki na 'yan makaranta ne, a hutun nan mai zuwa, a zauna da tsofaffin gida a tambaye su ɗaya bayan ɗaya.